Ƙaryar da muke yafe wa finafinan sararin samaniya da wadda ba mu yafewa

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu kallon siris ɗin nan na Turawa da ake nuna jiragen sararin samaniya da wasu duniyoyi, ko a shagon masu tura fim a waya nan Birnin Kebbi, ko tsakanin ɗaliban Aliero, ko a majalisa bayan isha'i, wani zai ce "wanga fim ƙarya ta yi mai yawa" wani ya ce "toh dama fim mi na in ba ƙarya ba", daga nan sai a watse kowa na ganin shi ya yi nasara. Ni fiziks nake koyarwa a sakandare kuma ina bin irin waɗanga shirye-shirye sosai, a ganina duka su biyun sun bar asalin maganar a baya. Mai kallo yana shanye ƙarya babba ba tare da ya yi tari ba, abin da ke ɓata mashi rai shi ne a saɓa alkawarin da aka ƙulla da shi tun farkon shiri, sannan kuma abin da yake kira gaskiya sau da yawa daga finafinan da ya riga ya kalla ya koye shi, ba daga kimiyya ba.

Bari mu fara da babbar ƙaryar da kusan duk shirin ke tsaye a kanta, wato gudu. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, kuma tun 1905 da Einstein ya fito da nazarinsa har yau ba a ga wani abu mai nauyi da ya kai wanga gudu ba balle ya wuce shi. Hasken rana minti 8 da 'yan sakan yake yi kafin ya iso mana. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, haskensa sai ya yi sama da shekara 4 a hanya. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana tafiyar kusan kilomita 17 a sakan, kuma da can ya nufa sai ya yi sama da shekara 70,000 kafin ya isa. Toh ka ga mai shirin da yake son kowane sati jarumansa su sauka a sabuwar duniya su gamu da sabbin halittu ba shi da mafita, dole ya ƙirƙiro injin da ya fi haske gudu, in ba haka ba sizin goma zai ƙare ba su ma fita unguwar rana ba.

Star Trek da aka fara nunawa a tashar NBC a 1966 haka ya yi, kuma ya ƙara da wata na'ura da ke narkar da mutum a nan ta sake haɗa shi a can cikin ƙiftawar ido. Dalilin na'urar ma na kuɗi ne, ɗaukar hoton jirgi yana sauka ƙasa kowane sati ya fi ƙarfin aljihun masu shirin, sai suka ce a dinga tura mutane kawai. Masana fiziks suka ce ai ƙa'idar Heisenberg ta 1927 ta hana haka, don ba za ka iya sanin wurin da ƙwayar zarra take da irin tafiyar da take yi daidai-wa-daida a lokaci ɗaya ba, toh yaya za ka sake jera mutum? Masu shirin sai suka sa wani ɗan ɓangare a cikin na'urar suka ce aikinsa kenan magance matsalar Heisenberg, da mujallar Time ta tambayi ɗaya daga cikinsu, Michael Okuda, yaya abin ke aiki, sai ya ce yana aiki da kyau ƙwarai, na gode. Masu kallo ba su ji haushi ba, daɗi ma suka ji, saboda amsar ta nuna masu shirin sun san inda kimiyya ta tsaya kuma sun san sun tsallake, ba cikin jahilci suka faɗa ba.

Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wanga abu ya ba mu wahalar ganewa ba. In kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku muka ce ta zo mu ji ta, an gama yarjejeniya, Gizo zai yi magana, Ƙoƙi za ta yi girki, kura za ta je fadar sarki, ba yaron da zai ce kura ba ta magana. Amma a tsakiyar labari a ce Gizo ya bar wayo ya kama zaki da kokawa ya kayar, nan take yara za su ce "a'a Kaka, ba haka take ba", don an taɓa dokar da labarin ya kafa wa kansa.

Irin wagga taɓa doka ce ta jawo fushin da aka fi tunawa a tarihin waɗanga shirye-shirye. A duniyar Star Trek an kafa cewa akwai matakin gudu na 10 da ba a iya kaiwa, sai a 1996 wani kashi na Star Trek Voyager ya sa matuƙi ya kai shi da ɗan ƙaramin jirgi, bayan nan shi da kyaftin suka rikiɗe suka koma wasu halittu kamar manyan ƙadangaru har suka haihu, kafin kashin ya ƙare likita ya maido su mutane kamar ba a yi komai ba. Har yau masoyan shirin na lissafa shi cikin mafi munin abin da aka taɓa yi masu. Mutanen nan fa sun shekara 30 suna yarda ana narkar da mutum ana haɗawa.

Na Doctor Who ya fi jan hankalina. Shiri ne na BBC tun 1963, jarumin yana yawo cikin zamani, ya koma baya ya je gaba, cikin wani akwati da cikinsa ya fi wajensa girma, kuma in ya zo mutuwa sai ya canza jiki ya ci gaba, duk an yarda. A 2014 aka yi wani kashi da aka ce wata ashe ƙwai ne, nauyinsa na ta ƙaruwa don abin da ke ciki na girma, ya ƙyanƙyashe, halittar ta fito kuma nan take ta saka wani ƙwan daidai girman na farko ya maye gurbin wata. Mutane da yawa suka yi ca. Mi ya sa tafiya cikin zamani ta wuce amma wanga bai wuce ba? Saboda ba wanda ya taɓa tafiya cikin zamani balle ya ce ba haka ake yi ba, amma kowa ya san ƙwai, duk matar da ke kiwon kaji a Jega ko Bunza ta san ƙwai ba ya ƙara nauyi don ɗan tsako na girma a ciki, kuma ɗan tsakon da ya fito yanzun ba ya saka ƙwan da ya kai wanda ya fito daga ciki. Kuma kowa ya san wata, mu kam ma mun fi, da shi muke ɗaukar azumi da shi muke ajewa, muna fita duba shi muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Tun a 1975 an yi irin haka da wani shirin Ingila mai suna Space: 1999, inda fashewar sharar nukiliya ta tunkuɗa wata ya bar duniya ya shiga yawo, marubuci kuma masanin kimiyya Isaac Asimov ya yi rubutu a jaridar New York Times yana nuna cewa fashewar da za ta iya haka ai tarwatsa watan za ta yi. Ƙarya a kan abin da mutum ya sani da idonsa da hannunsa ta fi yi mashi ciwo a kan ƙarya a kan abin da bai taɓa gani ba, ko da ta biyun ta fi girma sau dubu.

Sai dai a nan matsalar da ta fi damuna take, domin abin da mai kallo ke ɗauka ya sani game da sararin samaniya, wa ya koya mashi? Talabijin. Sauti ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi, iska ko ruwa ko ƙarfe, can kuwa ba iska, ko jirgi ya fashe a gabanka ba abin da za ka ji. Amma an shekara da shekaru ana sa mana ƙarar inji da ƙarar harbi da rugugin fashewa har kunne ya saba. Shirin Firefly na 2002 ya yi abin da ya dace, duk hoton da aka ɗauka daga wajen jirgi ba ƙarar inji ba ta harbi, kuma ka gwada nuna wa mutum irin wanga waje a waya ka gani, abu na farko da zai yi shi ne ya danna maɓallin ƙara murya, ko ya ce wanda ya tura mashi fim ɗin ya ba shi mai matsala. An nuna mashi gaskiya ya ɗauka lalacewa ce.

Hakanan harbin leza da ake gani yana tafiya ja ko kore. Hasken tocila kana ganin layinsa da dare lokacin hunturu ne saboda ƙurar da ke cikin iska tana watso shi zuwa idonka, inda ba ƙura ba iska ba za ka ga layi daga gefe ba. Hakanan duwatsun nan da ke tsakanin Mars da Jupiter da ake nuna matuƙi na kauce masu da ƙyar, a zahiri tsakanin wani da wani akan samu ɗaruruwan dubban kilomita, kumbon Pioneer 10 ya ratsa su tun 1972 zuwa 1973 lafiya lau, wasu da yawa sun bi bayansa. Mutumin da ya faɗa waje ba riga kuma ba fashewa yake yi ba, ba ya daskarewa nan take, yana da kamar sakan 10 zuwa 15 kafin ya suma, in aka yi saurin maido shi zai iya rayuwa, a 1966 hakan ta faru da wani ma'aikacin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, a ɗakin gwaji da aka zuƙe wa iska, abin da ya tuna kafin ya suma shi ne yawun da ke kan harshensa na tafasa, kuma ya tashi.

In ido ya saba da na bogi sai ya koma ƙaryata na gaske, kuma wanga ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Sau nawa ka ji ana cewa zuwa wata da aka yi a 1969 a Holiwud aka shirya shi? Hujjar da ake kawowa ita ce ba taurari a hoton kuma tuta ta miƙe alhali ba iska. Taurari ba su fito ba don an saita kyamara ne ta ɗauki ƙasa da fararen riguna da rana ke haskawa ƙwarai, a irin wanga saiti ƙaramin haske ba ya kamuwa, ita kuma tutar akwai sanda da aka sa mata ta sama don ta riƙe ta. Mutum 12 suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, sun baro madubai da har yau ake harba masu leza daga nan ana auna nisa. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya taɓa ce man "Malam, ai na fim ya fi kama da gaskiya", na ce "Baba, na fim an yi shi ne don ya yi maka kyau a ido, wancan kuwa yadda wurin yake ne aka ɗauko". Maganarsa ba ta rashin hankali ba ce, ma'aunin da aka ba shi ne ya yi awo da shi, kuma su kansu Amurkawa tashar Fox ta nuna masu wani shiri a 2001 da ya ƙara hura wutar wanga zargi.

Shirin da ya nuna cewa bin kimiyya na iya zama shi ne daɗin labari shi ne The Expanse, wanda aka fara a ƙarshen 2015, kuma mai jan ragamarsa Naren Shankar yana da digirin dakta a fannin fiziks da injiniya daga jami'ar Cornell. A yawancin shirye-shirye mutane na tafiya cikin jirgi kamar suna tsakar gida ba a gaya maka daga ina nauyi ya zo ba. A wanga an gina jirgi a tsaye hawa-hawa, inji na ƙasa, muddin inji na ƙara wa jirgi gudu daɓen na turo ƙafarka sai ka ji nauyi, da an kashe inji kowa sai ya tashi sama sai an kunna takalmin maganaɗisu. Kuma tunda ba iskar da za ta rage wa jirgi gudu, ba ka da birki, in ka kai rabin hanya dole ka juya jirgin gaba ya koma baya ka ci gaba da hura inji har ka tsaya, wagga ita ce dokar Newton ta farko da nake fama da yara a kanta a aji, ga ta a fili. In za a gudu da ƙarfi sai an ɗaure mutane a kujera an yi masu allura don kar jijiyar jini ta fashe. Rauni na cikin jiki da ba zai kashe mutum a nan ba yana kashe shi a can don jinin ba ya gangarawa. Waɗanda aka haifa a Ceres da sauran duwatsun nan na tsakanin Mars da Jupiter, inda nauyi bai da yawa, sun tashi dogaye da ƙashi mara ƙwari, har akwai inda jami'an duniya ke azabtar da ɗaya daga cikinsu ta hanyar barinsa kawai cikin nauyin duniyarmu. Wanga ba daga sama aka tsinto shi ba, 'yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suna rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwarin wasu ƙasusuwansu duk wata, shi ya sa suke motsa jiki kusan awa 2 kullum. Daga wanga bambancin jiki da rabon ruwa da iska siyasar labarin gaba ɗaya ta fito, su wa ke haƙo arziki su wa ke ci, abin da ɗan Zamfara da ya ga yadda ake yi da zinare ba sai an yi mashi dogon bayani ba.

Kuma shi ma fa yana da nashi ƙaryar, injin da ke hurawa kwana da kwanaki bai cinye mai ba babu shi, ga wani baƙon sinadari da ke karya duk dokar fiziks, har ƙarar inji suna sawa a waje. Amma da abin ya karya doka su kansu mutanen cikin labarin suna firgita suna cewa wanga ba zai yiwu ba, ka ga an riƙe alkawari da mai kallo kenan. Da tashar Syfy ta dakatar da shi a 2018 bayan sizin 3, masoyansa suka haɗa kuɗi suka ɗauki hayar jirgin sama ya ja ƙyalle a saman ofishin Amazon, kamfanin ya karɓe shi ya kai shi sizin 6 a 2022.

Kar a ɗauka ina cewa duk shirin da bai bi kimiyya sak ba banza ne. Star Trek da duk ƙaryarsa wasiƙun masu kallo ne suka ceto shi a 1968, su ne kuma suka sa aka raɗa wa jirgin gwaji na NASA suna Enterprise a 1976, sannan Nichelle Nichols, baƙar fata da ta fito a cikinsa, NASA ta yi aiki da ita daga 1977 wajen jawo mata da baƙaƙe. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗin cewa ganin wagga mata a talabijin ya ƙarfafa mata gwiwa. Ko Firefly da ya yi gaskiya a kan sauti kashi 14 kawai aka yi aka rufe shi. Abin da ke riƙe mai kallo mutane ne da labarinsu, kimiyya tana ƙara wa abin nauyi ne in an iya amfani da ita.

Inda nake tsayawa da ƙarfi shi ne ƙananan ƙaryoyin nan na sakaci, don babbar ƙarya kowa ya san ƙarya ce, ba yaron da ke zuwa aji yana zaton akwai na'urar tura mutum, ƙaramar ce ke shiga kai ta zauna a matsayin ilimi, musamman a wajen da makarantu da yawa ba su da kayan gwaji, waya ita ce lab ɗin yaro. Tambayar da na fi samu ita ce "Malam, ai can sama babu jan ƙasa ko, shi ya sa suke shawagi?" Alhali tashar can ta 'yan sama jannati nisanta kusan kilomita 400 ne kacal, jan duniya a wurin ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji, suna shawagi ne don su da tashar duk faɗuwa suke yi tare, sai dai gudunsu na gefe, kusan kilomita 28,000 a awa, ya sa suna ta zagaye duniya duk minti 90 ba su iso ƙasa ba. Ana ma ganinta da ido wani lokaci bayan magariba ko kafin asuba tana ratsawa kamar tauraro mai tafiya. Cire wancan kuskure daga kan yaro ya fi koya mashi sabon abu wahala. Sannan ga fassarar Hausa da ake ɗorawa a kan finafinan, wadda ta taimaka ƙwarai wajen kai su ga mutane, amma na sha jin inda mai fassara ya ga abin da bai gane ba sai ya ce tsafi ne ko aljani, sai ya zama ɗan bayanin kimiyyar da marubucin ya wahala ya sa ya ɓace, na'ura da sihiri suka zama abu ɗaya a kunnen mai sauraro.

Masu shirya namu finafinan kan ce irin wanga fanni sai mai kuɗin Holiwud, ni kuma ina ganin bin kimiyyar ma shi ya fi araha. Najeriya na da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003, ga NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya lalace a 2008 saboda matsalar wutar sola har aka maye gurbinsa a 2011, labari na nan a gida ba sai an je wata duniya ba. In ma an je, saƙo tsakanin nan da Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke, wato ba hira kai tsaye, uwa a Argungu ta tambayi ɗanta "kana lafiya?" wani lokaci sai ta jira sama da minti 40 kafin amsa ta dawo, kuma duk abin da ya same shi a tsakani ba ta da yadda za ta yi. Ɗaki biyu da kyamara ɗaya da 'yan wasa biyu da suka iya aikinsu sun isa a ɗauki wanga, marubucin kawai ake so ya zauna da malamin fiziks su yi lissafin kafin a fara ɗauka.